An ci ni tara kan birkin babur alhali yana kamawa: ta ina zan bi?

Tambaya: Jami'an hanya sun tare ni a kan babur ɗina a wajen Kawo. Ɗaya daga cikinsu ya matsa birkin hannu, ya taka na ƙafa, ya ce birkina ba ya ci. Suka rubuta mini takardar tara, suka wuce da babur ɗin ofishinsu. Ni kuma ban daɗe da sauya shu ɗin birki ba, na san birkina yana kamawa. Zan iya ƙin biya? Idan zan iya, ta ina zan fara?

Amsa: Malam, za ka iya ƙalubalantar tarar. Takardar da aka ba ka zargi ce, ba hukunci ba ce. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake zargi da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, kuma yana da haƙƙin a saurare shi a gaban kotu. Ƙaramin sashe na 12 ya ƙara da cewa ba a hukunta mutum sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta bayyana, ta kuma faɗi hukuncinsa. Amma ka gane tun yanzu, wannan magana a kan abu ɗaya take tsayawa: halin da birkin yake ciki a lokacin da aka tare ka, da kuma abin da za ka iya nunawa a kai. Saboda haka abubuwa biyu za ka kiyaye. Kada ka biya tukuna, kuma kada ka bar kowa ya taɓa birkin, ko kai ko makanikenka, kafin a rubuta halin da yake ciki.

Dalilin na farko shi ne, tsarin irin waɗannan takardu zaɓi yake ba ka: ka biya ka huta da zuwa kotu, ko ka ƙi a gurfanar da kai. Wanda ya biya ya ɗauki zaɓin farko, kuma dawo da kuɗin da suka shiga asusun gwamnati aiki ne mai wuyar gaske. Dalilin na biyu kuwa a fili yake. Idan ka je ka ɗaure notin birkin sannan ka kira shaida, abin da ka tabbatar shi ne birkin yana ci yau, ba ranar da aka tare ka ba.

Ka fara da karanta takardar da kyau. Wace hukuma ce ta bayar? A Kaduna za ka iya haɗuwa da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, da ke aiki da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012, ko jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jiha, da ke aiki da dokar jiha, ko 'yan sanda. Kowace da inda ake kai mata ƙorafi. Duba sunanka, lambar babur, rana, lokaci, sunan titi, suna ko lambar jami'in, da ainihin laifin da aka rubuta. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne muhimmanci, domin sau da yawa abin da jami'i ya faɗa da baki daban, abin da ya rubuta daban. A jerin laifukan FRSC, alal misali, matsalar birki tana shiga ƙarƙashin tuƙa abin hawa mai matsalar kayan aiki, kuma wannan suna yana da faɗi: zai iya ɗaukar birki, zai iya ɗaukar wani abin. Idan fitilar birki ce ta mutu, ba birkin ba, to maganar ƙwan fitila ko suwic ake yi, kuma kariyarka ta canza gaba ɗaya. Ka tambaya a ofis wane ɓangare ake nufi, ka nemi a rubuta. Sa hannu a kan takardar yawanci shaida ce cewa ka karɓa; ƙin sa hannu ba ya ƙara maka komai sai zafin kai a wurin. Ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka yi kwafi biyu ko uku, ka lura da wa'adin da aka rubuta a jiki don kada ya wuce kana zaune.

Yanzu sai mu zo kan birkin, kuma a nan sai ka yi wa kanka adalci. Sabon shu ba ya nufin birki lafiyayye.

Yawancin baburan da ke kan titunan Kaduna, Boxer ne ko TVS ko Jincheng ko Haojue ko roba-roba, birkin cikin hob, wato gangar ƙarfen da ke tsakiyar taya, suke da shi gaba da baya: shu biyu masu lanƙwasa da ke buɗewa su danne cikin hob idan an ja kebul ko rodi. Abin da jami'i ya fi dubawa a bakin titi shi ne tafiyar hannun birki da ta fedar ƙafa. A irin waɗannan babura, wasan hannun birki kafin ya fara kamawa yakan kasance milimita 10 zuwa 20 idan an auna a ƙarshen hannun, na fedar ƙafa kuma milimita 20 zuwa 30. Littafin babur ɗinka shi ke da adadin da ya dace da naka. Idan hannun yana tafiya har ya taɓa robar riƙo, ko feda tana nutsewa har ƙasa kafin taya ta tsaya, jami'in yana da gaskiya ko da jiya ka sa shu.

Kuma hakan na faruwa da sabon shu ta hanyoyi da dama. Sabon shu ba ya zama daidai da cikin hob nan take; a kwanakin farko yana cinye tudun da ke jikinsa, wasan ya ƙaru, shi ya sa ake komawa a sake ɗaure noti bayan an ɗan yi tafiya da shi. Mutane da yawa ba sa komawa. Kebul ɗin gaba yana miƙewa, ko zarensa ya fara tsinkewa a cikin bututu, ko ƙurar hunturu ta cushe shi ya yi tauri. Hob ɗin da kansa yana cinyewa: idan faɗin cikinsa milimita 130 ne, ƙarin kimanin milimita ɗaya ya kai shi iyaka, kuma galibi an buga wannan iyaka a jikinsa. Hob ɗin da ya buɗe, ko ya yi kwarmi, ko ya daina zama da'ira, sabon shu ba ya gyara shi. Sai giris: idan makanike ya cika shi a boris ko a kan ƙarfen da ke buɗe shu, yana malalowa kan fatar shu, birkin ya riƙa zamewa kana matsawa da ƙarfi. Shu ɗin da ya sha mai ba a wanke shi, sauyawa ake yi. Akwai kuma shu na jabu, wanda fatarsa ke yin sulɓi kamar gilashi idan ta yi zafi, ko ta ɓalle daga jikin ƙarfen. Fatar sabon shu tana kai kimanin milimita 4; idan ta dawo 2 ko ƙasa, ta ƙare.

Wani abu da ake mantawa: jan sarƙa yana canza birkin baya. Duk lokacin da aka matsar da tayar baya don ɗaure sarƙa ko sassauta ta, tsawon rodin birki ya canza, dole a sake saita notinsa. Haka nan ƙarfen da ke riƙe da farantin birkin baya, idan notinsa ya kwance ko fil ɗinsa ya fita, wannan ba ƙaramar matsala ba ce, taya na iya kullewa kana cikin gudu. Da damina kuma, idan ka ratsa ruwa a Rigasa ko Tudun Wada, ruwan da ya shiga hob yana rage kamun birki har sai ya bushe. Wannan bayani ne, amma ba uzuri ba ne mai ƙarfi a gaban alƙali, domin mahayi ya kamata ya riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe kafin ya ci gaba.

Idan naka mai faifai ne a gaba, abin dubawa shi ne kaurin fatar birki, wadda bai kamata ta gaza kimanin milimita ɗaya ba, da matakin man birki a ɗan gilashin tankinsa, da yoyo a jikin tiyo. Hannun da ya yi laushi kamar soso alamar iska ce a cikin layin. Man DOT 3 ko DOT 4 ake zubawa, yadda aka rubuta a murfin, kuma ana sauya shi duk shekara biyu saboda yana tsotsar danshi.

Sai abin da ya zama ruwan dare: cire birkin gaba, ko sassauta shi da gangan don tsoron kada ya kayar da mutum. Wanda ya yi haka ba shi da shari'a. Babur birki biyu ake buƙata gare shi, kowanne yana aiki da kansa, kuma na gaban shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa, domin idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa. A lissafi, babur da ke gudun kilomita 30 a awa a kan busasshiyar kwalta yana tsayawa a cikin kimanin mita 6 zuwa 8 daga lokacin da aka kama birki biyun. Da na baya kaɗai tazarar na iya kusan ninkawa. Idan gudun ya ninka, tazarar sau huɗu take ƙaruwa. Wannan ba ma'aunin doka ba ne, amma ya ishe ka ka gane inda kake. Idan a cikin duk abin da aka lissafa ka ga naka, ka biya ta hanyar da ta dace, ka karɓi rasit, ka gyara. Ya fi maka sauƙi.

Idan kuwa ka tabbata birkin lafiya yake, sai tara hujja, kuma tsarewar da aka yi wa babur ɗin, duk da ciwonta, tana da amfani guda: tun daga lokacin da aka karɓe shi ba ya hannunka, ba wanda zai ce ka gyara shi a ɓoye. Ka je ofishin da makanike mai hankali wanda zai iya bayani, da mutum ɗaya shaida. Ka nemi izinin babban jami'in wurin a duba birkin a gabansa, ba tare da an kwance ko an ɗaure komai ba. A ɗora babur a kan babban jak. A ɗauki bidiyo guda ba yankewa: a fara da lambar babur da takardar tarar, a faɗi rana da lokaci, a sa rula a auna wasan hannu da na feda, a juya tayar baya a taka birki a ga ta tsaya cak, a ɗaga ta gaba a yi haka, a nuna kibiyar da ke jikin hannun farantin birki idan babur ɗin yana da ita, wadda ke nuna ko shu ya cinye, a nuna fitilar birki tana kamawa da hannu da ƙafa. Idan sun yarda a tura babur a harabar a kama birki, ya fi kyau, domin taya a sama tana tsayawa ko da birki mai rauni. Idan aka hana ka ɗaukar bidiyo, kada ka yi gardama. Ka rubuta ranar da ka nema da wanda ya hana, ka sa a takardarka.

Ka haɗa da rasit ɗin sayen shu mai ɗauke da kwanan wata. Idan a Panteka ko shagon unguwa ka saya ba a ba ka ba, kada ka je a rubuta maka na ƙarya da tsohuwar rana. Wannan laifi ne da ya fi tarar nauyi nesa ba kusa ba. Makaniken da ya yi aikin zai iya zuwa rajistarar kotu ya yi takardar rantsuwa, ya faɗi ranar da ya yi aikin da abin da ya sauya. Wayar da aka ɗauki bidiyon da ita ka adana ta, kada ka goge na asalin, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana da sharuɗɗa kan shaidar da ta fito daga na'ura, har da takardar bayanin yadda aka samar da ita. Wanda aka tura ta WhatsApp ya rage inganci, bayanan ranarsa ma kan ɓace.

Daga nan sai takardar ƙorafi zuwa ga shugaban ofishin da ya ba da tarar: kwamandan shiyyar jiha ko na reshe idan FRSC ce, shugaban hukumar idan ta jiha ce. A rubuta ta da Turanci, shafi ɗaya ya isa. Ka sa lambar takardar tarar, lambar babur, rana da wuri, ka ce ba ka amince da laifin ba, ka faɗi irin gwajin da jami'in ya yi kamar yadda ya faru ba ƙari, ka nemi abu uku: a sake duba birkin a gabanka, a soke tarar idan an same shi lafiya, idan kuma ba za a soke ba a kai ka kotu a sake maka babur kafin nan. Ban da zagi, ban da zargin cin hanci idan ba ka da shaidarsa. Kwafi biyu za ka kai, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Takardar da ba ta da wannan hatimi kamar ba a kai ta ba ne. Idan babur ɗin ba da sunanka yake ba, kamar wanda ake biya sannu a hankali, sai ka zo da mai shi ko da rubutaccen izininsa, domin wanda sunansa ke kan takardu shi ake sakar wa.

Kafin ka shiga wannan ofis, ka duba sauran takardunka: lasin tuƙi na rukunin A wanda shi ne na babur, rajistar babur, inshora, hular kwano. Kaduna ta sha kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura, musamman na haya. Idan akwai wannan a cikin abin da aka rubuta maka, magana ce daban da nasarar birki ba za ta share ba. Ba dabara ba ce ka je neman a soke laifi ɗaya ka fito da uku.

Idan aka kai ka kotu, majistare ce ko ta tafi-da-gidanka, za a karanta maka tuhuma a tambaye ka ko ka amsa. A nan mutane da yawa suke faɗuwa, domin suna cewa "e, amma" suna nufin su yi bayani, a rubuta sun amsa laifi. Idan ba ka ji Turancin ba, ka nemi tafinta, haƙƙinka ne kuma kyauta ne. Ka ce ba ka aikata ba. Za a iya ɗage zaman, a ba da belinka, don haka ka zo da wanda zai tsaya maka riƙe da katin shaidarsa. A lokacin ne za ka roƙi kotu ta ba da umarnin a duba birkin a rubuta, sannan a sake maka babur bisa alƙawarin za ka kawo shi duk ranar da aka buƙata. Nauyin tabbatar da laifi a kan mai ƙara yake, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce sai an tabbatar ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Idan jami'in ya gama ba da shaida, kana da damar yi masa tambayoyi, kuma gajeru sun fi aiki. Wane birki ne bai ci ba, na gaba ko na baya? Da me ya auna? Milimita nawa ya samu, kuma nawa ne ya kamata? An tuƙa ko an tura babur ɗin, ko a tsaye aka gwada? Ya rubuta rahoton dubawa? Wa ke riƙe da mabuɗin tun ranar? Ka sani cewa alƙali zai iya karɓar shaidar jami'i ko ba awo, idan ya ce da idonsa ya ga kebul a tsinke. Amma "na matsa na ji bai yi mini ba" tana da rauni a gaban bidiyo mai rula da makanike a tsaye. Idan hukunci bai yi maka daɗi ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, galibi cikin kwana 30.

Za ka ji ana cewa kotu ta hana kama ababen hawa da cin tara. Hukuncin da ake nufi na Babbar Kotun Tarayya ce da ke Abuja, a watan Oktoba na 2024, kuma a kan jami'an VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, na Babban Birnin Tarayya aka yi shi. Kada ka ɗauka ya rushe dokar Jihar Kaduna ko ta FRSC. Haka batun ko jami'an tarayya suna da hurumi a kan titunan jiha, an sha kai shi kotu, shi ya sa sunan titin da aka rubuta yake da muhimmanci. Amma hujja ce da lauya zai gina, ba abin yin musu da jami'i a bakin hanya ba. Tare jami'i, ƙwace mabuɗi ko ɗaga masa hannu laifuka ne masu zaman kansu.

Idan aka ƙi amsa takardarka, aka ƙi kai ka kotu, aka ci gaba da riƙe babur, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofishi a Kaduna kuma ba a biyan ko kwabo; sai dai ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, kuma tana son ka nuna ka fara bin hanyar cikin hukumar, wanda hatimin nan shi ne shaidarka. Hukumar ba da agajin lauya kyauta da ƙungiyar masu babura ta unguwarku su ma wuraren tuntuɓa ne. Wanda yake son ya kai hukuma ƙara da kansa kada ya yi jinkiri: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal ga yawancin irin waɗannan ƙararraki, kuma dokokin hukumomi da yawa suna buƙatar a ba su rubutacciyar sanarwa kafin a shigar. Lauya zai duba maka ko ta hanyar kare haƙƙin ɗan'adam za a bi, wadda ba ta da wannan wa'adi.

Ka kuma yi lissafi da idon basira. Babur da ke tsare yana iya tara kuɗin ajiya kullum, kai kuma kana biyan kuɗin Keke Napep ko kana asarar abin da kake samu da shi. Sau da yawa kwana uku na wannan ya fi tarar. Shi ya sa matakin ofis, wato sake dubawa a gaban babban jami'i, ya fi dacewa a yi shi ranar ko washegari, kuma a nan ne ya fi sauƙi magana ta mutu. Idan lissafi ya tilasta maka biya don ka fitar da babur, ka fara miƙa takardar ƙorafin, ka rubuta a ciki cewa kana biya ne ba don ka amsa laifi ba sai don a sake maka abin hawanka, ka ɗauki bidiyon birkin kafin ka fita daga harabar. Wannan ba ya tabbatar da dawowar kuɗi, amma yana bar maka abin riƙewa. Biyan kuma ta banki ko hanyar intanet da hukumar ta tanada: dokar harajin Kaduna ma ta hana karɓar kuɗin shiga na gwamnati a hannu. Lambar biyan da ke kan rasit ta dace da lambar takardar tararka, ka ajiye kwafinsu tare da takardar sakin babur.